Yaro, Uwa da Azzalumi a Cikin Littattafanmu da Waƙoƙinmu

Jawabin da wani mushen lekol ya yi wa 'yan ƙungiya a Dakoro

An ce in yi magana a kan waƙa da littafi. Na san akwai masu cewa wannan hirar yara ce, ga maganar hatsi da ta lanho tana jira. To, ku ba ni kunne kaɗan. Abin da na ke so in nuna muku shi ne, a cikin labarunmu zalunci ta ƙofar ƙauna ya ke shiga gida, sa'an nan ya sauka a kan wanda bai ci ba bai sha ba.

Mu fara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1933 wani Bature, Rupert East, ya sa gasar rubuta labari da Hausa a Zariya, a 1934 aka buga wannan littafi. Marubucin a lokacin malamin makaranta ne, daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Labarin kuwa ga shi a taƙaice, domin waɗanda ba su karanta ba. Umar maraya ne a Kagara. Uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki, 'yan'uwansa fadawa suka yi masa hassada, suka ƙulla masa sharri, aka kore shi daga gari. Uwar ta yi 'yar tafiya wurin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya ba shi karatu.

Ku duba uwar nan da kyau, don ita ce zuciyar littafin. Ba wanda ya kawo mata hari. Ita ce da ƙafarta ta fita neman ɗanta, a kan hanyar neman ne aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka sayar, aka kai ta Murzuk. Watau ƙaunar da ta ke yi wa ɗanta ita ce igiyar da aka kama ta da ita. Bayan shekaru masu yawa suka sadu a bakin duniya, ta gan shi ya girma ya zama malami, ba ta daɗe ba ta rasu. Hanyar ayarin nan kuwa ta Kano zuwa Tarabulus ba baƙuwarmu ba ce, ta Damagaram da Damargu da Agadas ta bi, gabas da mu kaɗan.

Sai dai akwai abu biyu da littafin ya yi shiru a kansu, kuma mai karatu ya kamata ya ji shirun. Na farko, Makau ɗin da mu ke jin tausayinsa, daga harin kama bayi a ƙasar Gwari ya komo sa'ad da aka yi masa sharri. 'Ya'yan Gwarawan da aka kamo suna da uwaye su ma, amma ba a ba mu sunan ko ɗaya ba. Na biyu, maganin da littafin ya ba wanda aka zalunta shi ne haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, ba na musu, amma ku tambayi kanku don me ofishin Turawa ya yi murna da labarin da ke nuna bautar da, alhali su suna cewa hana bauta ya kawo su. A nan ƙasarmu Faransa ta yi dokar hana cinikin bayi a 1905, amma gardi bai daina kama talaka zuwa aikin dole ba sai da aka yi dokar Houphouët-Boigny a 1946. Wannan shekara arba'in da ɗaya ba ta sami Shaihu Umar nata ba a lokacin.

Jiki Magayi, na John Tafida da shi East ɗin, daga gasar nan ya fito shi ma. Abubakar yana son Zainabu, attajiri Malam Shaihu ya zo da dukiya ya raba su. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ya samo, amma a kan wa ya zuba shi? A kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa, wanda ko cikinsa ba a yi ba ran da aka yi laifin. Yaro ya tashi ɓarawo, har ajalin ubansa ya zo a hannunsa. Ga wanda aka zalunta ya zama azzalumi, domin bai iya kai hannu ga mai kuɗi ba sai ya kai ga na ƙasa da shi. Wannan kuwa kowa ya taɓa ganinsa: an wulakanta mutum a ofis, ya komo gida ya huce a kan matarsa.

Yanzu waƙa. Makaɗin fada aikinsa yabo, ba a nan za ku nemi kukan talaka ba. Ku nema a bakin dutsen niƙa da bakin turmi da bakin rijiya, daga nan har Kornaka da Birnin Lalle. Mace na niƙa tana waƙa, ba ta ambaci sunan kowa ba, amma duk gidan ya san da wa ta ke: kishiya, ko uwar miji, ko tsohon da aka ba ta ba ta so. Habaici shi ne kotun wadda ba ta da kotu. Haka tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa, da a ke yi wa yara da dare. Yaro ɗan shekara biyar ya riga ya san mai gaskiya tun kafin a kai ƙarshe. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa ya ɗauko irin wannan kuka ya kai shi rediyo, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi waƙar auren dole, mutanen da ba mai yi musu kirari.

Kada wani ya ce duk wannan labarin da ne. A 1996 aka sayar da Hadizatu Mani, yarinya 'yar shekara 12, a kan jika 240, ta zama wahaya a ƙasar Ƙonni. A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Da ta auri wanda ta ke so, ita aka yanke wa ɗauri, wai ta yi aure kan aure. Kun ga ƙofar nan dai ta ƙauna. Bambancinta da uwar Umar shi ne, ita ba ta tsaya ga haƙuri ba. Ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, aka kai ƙara kotun CEDEAO, ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta biya ta sefa miliyan 10.

Ga abin da na ke roƙon kowane reshe. Wanda ya iya boko ya karanta wa sauran babi ɗaya na Shaihu Umar ran kasuwa da maraice, a tsaya a tambaya: wa aka cuta, wa ya ci riba, wa aka ƙi ambata? Mata kuma, in kun yarda, ku faɗa wa mai rubutu waƙoƙin niƙan da kuka gada, a rubuta su yadda su ke, ba gyara, ba sunan mai su, a aiko wa jaridar nan tare da sunan garin.