Tafiyar Kabon Daga Daskararriyar Ƙasa Zuwa Tekun Aktik

Daskararriyar ƙasa ita ce ƙasar da zafinta bai haura digiri sifili ba har shekara biyu a jere ko fiye. A Siberiya da Alaska da arewacin Kanada akwai inda ta shafe dubban shekaru a haka, a wasu sassan Yakutiya ma kaurinta ya zarce mita 1,000. Yankunan da ake samun ta sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tudun rabin duniya na arewa. Ɓawonta na sama ne kawai ke narkewa a gajeriyar bazarar can, wani wuri taki ɗaya, wani wuri mita ɗaya ko biyu, ya sake daskarewa da shigowar hunturu. A cikin wannan ɓawo tsirrai ke kafa saiwa. In sun mutu, sanyi ya hana su ruɓewa sarai, ragowarsu ta nitse, sabuwar ƙasa ta hau kanta, shekara bisa shekara.

Ta haka aka tara rumbun da masana suka ƙiyasta da tan biliyan 1,400 zuwa 1,600 na kabon, wato kusan ninki biyu na wanda ke cikin sararin samaniya a yau. Muddin ƙasar na daskare, rumbun a rufe yake. Da zarar ta narke, ƙwayoyin bakteriya da sauran ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan far wa abin da ke ciki, su mai da shi iskar kabon dayoksaid ko iskar metan, waɗanda duka biyun ke ƙara ɗumamar duniya. Binciken da aka buga a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 yankin Aktik ke ɗumama da saurin da ya kusan ninka na sauran duniya sau huɗu. A watan Yunin 2020 an auna digiri 38 a Berkoyansk, garin Siberiya da aka fi sani da tsananin sanyi.

Akwai wani nau'in wannan ƙasa da ya cancanci a tsaya a kansa, wanda ake kira yedoma a Siberiya. Ƙasa ce mai laushi da ta taru a zamanin ƙanƙara na ƙarshe, lokacin da giwaye masu gashi da dawakan daji ke kiwo a filayen arewa. Inda kogi ya yanke ta, ana ganin bango mai tsayin mita talatin ko arba'in, ginshiƙan ƙanƙara masu sheƙi sun ratsa shi daga sama har ƙasa, tsakaninsu baƙar ƙasa cike da siraran saiwoyin ciyawar da ta tsiro tun kafin ɗan Adam ya san noma. Sau da yawa ƙanƙarar ta fi ƙasar yawa. Da rana ta buga, bangon ya dinga zubar da laka yana ɗiga, ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe suna leƙowa, wurin yana warin taki. Wannan wari shi ne shaidar farko cewa ruɓewar da aka dakatar shekaru dubu ashirin ko talatin ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ba duk kabon ɗin ke tashi sama nan take ba. Wani kaso ruwa ke kwashe shi, ruwan kuma tekun Aktik ya nufa. Wannan teku ƙarami ne, bai fi kusan kashi 1 cikin 100 na ruwan tekunan duniya ba, amma yana karɓar kimanin kashi 10 cikin 100 na ruwan da kogunan duniya ke zubarwa. Babu wani babban teku da tudu ke juye wa kaya haka.

Hanya ta farko koguna ce. Manya shida ne suka fi ɗaukar kayan: Ob da Yenisei da Lena da Kolima a Rasha, sai Makenzi a Kanada, da Yukon wanda ke faɗawa tekun Bering. Tun daga 2003 masana ke ɗibar ruwansu a kai a kai kusa da bakinsu, da tsari iri ɗaya, don a iya gwada wannan da wancan. Kogunan sukan kwana a ƙarƙashin ƙanƙara wata bakwai ko takwas. A ƙarshen Mayu zuwa Yuni dusar ƙanƙarar da ta taru ta narke kusan lokaci guda, ƙanƙarar kogin ta tsage da ƙara, ruwa ya cika ya batse. A waɗannan 'yan makonni babban rabon kabon na shekara ke wucewa. Mafi yawansa narkakke ne a cikin ruwan, kamar yadda sassaƙe ke sakin jiƙonsa, shi ya sa ruwan ke yin kalar shayi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan tan miliyan 34 na narkakken kabon a shekara daga dukkan kogunan yankin, da kusan tan miliyan 6 na ɓarɓashi wanda ke tafiya tare da laka. Ruwan da kogunan ke kawowa ma ƙaruwa yake yi: na manyan kogunan ɓangaren Rasha ya ƙaru da kashi 7 cikin 100 tsakanin 1936 da 1999.

A nan aka ci karo da wani abin ɗaure kai. Da aka auna shekarun narkakken kabon a bakin kogunan ta hanyar kabon-14, sai aka tarar yawancinsa sabo ne, na ganye da gansakuka da ɓawon sama. To ina tsohon ya shiga, alhali kowa na ganin bangon yedoma na zubewa cikin kogi? Amsar ta fito daga Dubani Yar, wata gaɓar yedoma a gefen kogin Kolima. A binciken da Jorien Vonk da abokan aikinta suka buga a 2013, an ɗebi ruwan da ke tsiyaya daga bangon, wanda kabon ɗinsa ya haura shekara 21,000, aka ajiye shi ana aunawa. Cikin kwana 14 kacal kusan kashi ɗaya cikin uku ya salwanta, bakteriya sun cinye. Dalili shi ne abin bai taɓa ruɓewa ba kafin ya daskare, don haka abinci ne mai taushi. Ke nan tsohon kabon yakan ƙare a ƙoramu da ƙananan rafuka, ya koma iska, tun bai kai inda ake ɗibar ruwan aunawa ba. Wanda ya tsaya a bakin kogi ya ce bai ga alamar narkewa ba, ya iso ne bayan an watse.

Ɓarɓashin da ke tafiya da laka ya fi juriya, kuma ya fi tsufa. Makenzi ya fi duk kogunan Aktik ɗaukar laka, kuma wani kaso mai kauri na kabon ɗin da yake kaiwa tekun Bofot yakan binne a ƙasan teku ya zauna.

Hanya ta biyu ba ta bi ta kogi: gaɓar ce da kanta ke faɗawa teku. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gaɓar tekunan duniya daskararriyar ƙasa ce, kuma a matsakaici tana ja da baya da rabin mita a shekara. Matsakaicin yana ɓoye wuraren da abin ya yi muni. A Diru Foyint da ke arewacin Alaska, tsakanin 2007 da 2016, teku ya riƙa cin kusan mita 17 a shekara. Yadda abin ke faruwa a can shi ne igiyar ruwa ta bugi gindin gaɓar, ta narkar da ƙanƙarar da ke riƙe da ita, ta rarake kogo a ƙarƙashi. Saman ya rage a rataye, sai ya tsage ta layin ginshiƙan ƙanƙara, curi guda mai girman ɗaki ya kife cikin ruwa da ciyawarsa a kai. Bayan 'yan kwanaki ruwa ya narkar da shi, igiyar ta koma wa sabon gindin. A tsibirin Hashel na Kanada kuwa gangaren ne ke narkewa daga sama, laka na malalowa teku kamar kunu. Tsibirin Muwostak a tekun Laftef yana ƙanƙancewa shekara bayan shekara.

Abin da ke kare gaɓar a da shi ne ƙanƙarar teku, wadda ke manne da ita mafi yawan shekara ta hana igiya tasowa. Yanzu tana saurin narkewa, tana jinkirin dawowa, guguwar kaka ta tarar da gaɓar a buɗe, ruwan kuma ya fi ɗumi. Game da yawan kabon ɗin da ke shiga ta wannan hanya, alƙaluman masana sun sha bamban ƙwarai. Wani ƙiyasi ya ce kusan tan miliyan 14 a shekara a duk yankin. Wani binciken na 2012 ya kai lissafin gaɓar gabashin Siberiya kaɗai tan miliyan 44, ya kuma ce kusan kashi biyu cikin uku na komawa iska. Bambancin nan babba ne, amma ko an ɗauki ƙaramin adadin, zaizayar gaɓa ta fi kogunan duka zubar da ɓarɓashin kabon, kuma nata tsoho ne da ya faɗa teku kai tsaye ba tare da ya bi doguwar hanya ba.

Akwai kuma daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashin tekun kansa. A ƙarshen zamanin ƙanƙara teku ya yi ƙasa da matsayinsa na yau da kusan mita 120, filayen Siberiya sun miƙe ɗaruruwan kilomita zuwa arewa. Da ruwa ya taso ya shanye su, sai suka zama abin da za a iya kira dakalin nahiya, wato shimfiɗar da ke gaban gaɓa kafin a gangara zurfi. Na gabashin Siberiya ya kai kusan murabba'in kilomita miliyan 2, zurfin ruwansa a matsakaici bai wuce mita 50 ba. Ruwan gishiri ya fi iskar tudun ɗumi, don haka tun lokacin ƙasar ke narkewa sannu a hankali daga sama. Natalia Shakhova da Igor Semiletov sun ba da rahoto a 2010 cewa ruwan wannan dakali cike yake da metan, kuma har yanzu masana na jayayya kan yawan da ke isa sama.

Kabon ɗin da ya shiga teku ba ya wucewa zurfi kai tsaye. Ɓarɓashin ya kwanta, guguwa ta tayar da shi, ya ɗan gusa, ya sake kwantawa. Kowane tashi yana haɗa shi da iskar oksijin, bakteriya su ƙara gutsura. Lisa Bröder da abokan aikinta sun auna wannan tafiya a tekun Laftef a 2018: kusan shekara 3,600 kafin a ƙetare kilomita 600 na dakalin, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na kabon ɗin tudu ya ruɓe a hanya. Narkakken kuwa yakan bi ruwan sama, wani ya ratsa ta ƙuryar arewa ya fita ta mashigin da ke tsakanin Girinlan da Sibalbad. Wannan ita ce hanyar da itatuwan Siberiya ke bi su isa gaɓar Girinlan, kuma ganin irin waɗannan itatuwa na cikin abin da ya ƙarfafa wa Fridtjof Nansen gwiwa ya bar jirginsa Fram ya daskare cikin ƙanƙara a 1893 don ta tafi da shi.

Ruɓewar da ke faruwa a cikin ruwa tana sa shi tsami. A tekun gabashin Siberiya tsamin ya riga ya kai inda halittu masu ɓawo ke wahalar gina ɓawonsu, ga shi kuma ruwan kogi da ke garwaya da shi ba shi da ƙarfin kashe tsami irin na ruwan gishiri. Laka da kalar jiƙo suna tare haske. Sai dai kayan da tudu ke zubarwa suna ɗauke da takin naitirojin da fosforas, har wani bincike na 2021 ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ƙananan tsirran tekun Aktik ke samarwa ya dogara ne da abin da koguna da zaizayar gaɓa ke kawowa. Kifi da dabbobin da mutanen Inuwit da Inubiyaluwit ke farauta daga nan abincinsu ya faro. Tare da takin akwai sinadarin makuri, wanda daskararriyar ƙasa ta adana da yawa, kuma yana taruwa a jikin kifi.

Inda ake yanke makomar mafi yawan wannan kaya shi ne siririn ruwan da ke daf da gaɓa, mai zurfin ƙasa da mita 20, kuma nan ne aka fi ƙarancin aunawa. Manyan jiragen fasa ƙanƙara irin Oden na Suwidin, wanda ya yi binciken tekunan Siberiya a 2014, ba sa iya matsowa, tauraron ɗan Adam kuma ba ya gani sosai ta cikin gurɓataccen ruwa da gajimare. Aikin ya dogara ga ƙananan kwale-kwale da tashoshi 'yan ƙalilan, kamar ta tsibirin Samoilof a bakin Lena da ta Caski a kan Kolima. Bayan fara yaƙin Yukiren a 2022 yawancin haɗin gwiwar masanan Yamma da na Rasha ya tsaya, alhali kusan rabin gaɓar Aktik a Rasha take. A ɓangaren Kanada da Alaska kuwa mazauna gaɓar na cikin masu sa ido, domin ƙasar da ke zubewar ita ce ƙarƙashin gidajensu: a Tuktoyaktuk an janye gidaje daga bakin ruwa, mutanen Niyutok kuma sun fara ƙaura zuwa Matabik a 2019.