Kifin da ya girmi kakanka, da waɗanda aka nemi bakinsu a kansa



Na san wani zai ce mu da ba mu da teku, me ya haɗa mu da kifin Amurka? Ku ba ni minti biyar.

A jihar Washinton akwai mashigin teku da ake kira Fujet, inda birnin Siyatil yake. A can ƙasan ruwan, cikin duwatsu, akwai kifin da suke kira rockfish, wato kifin duwatsu. Wani irinsa ja ne mai idanu rawaya, yana iya haura shekara 100 a duniya, kuma sai ya kai shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara haihuwa. To ku lissafa: in aka kwashe manyan, yaushe ƙanana za su maye gurbi? Haka kuwa aka yi, aka kama shi har ya kusa ƙarewa.

Ga wata masifar kuma. Kifin yana da jakar iska a ciki. In ƙugiya ta fizgo shi daga zurfi, jakar ta kumbura, idanu su firfito, tumbi ya leƙo ta baki. Ko masunci ya tausaya ya mayar da shi ruwa, ba ya iya nutsewa, yana nan bisa ruwa har tsuntsu ya ɗauke shi. Sai da aka koya wa masunta saukar da shi ƙasa da wani ƙarfe mai nauyi sannan sakin ya yi amfani.

Abin da ya sa na kawo zancen shi ne yadda aka bi. A 2007 mutum guda, tsohon ma'aikacin kula da kifi, ya rubuta wa gwamnati koke. Dokarsu ta 1973 ta tilasta a duba irin wannan takarda, ba a jefa ta aljihun tebur. A 2010 hukumar NOAA ta sa iri uku cikin halittun da doka ta kare, jihar kuma ta hana kama su. A 2016 aka fitar da daftarin shirin farfaɗo da su, aka ba jama'a kimanin wata uku, kowa ya karanta ya yi gyara, aka yi tarurruka da mutanen bakin ruwan. Sai a 2017 shirin ya tabbata.

Masunta kuwa ba ƴan kallo aka mai da su ba. Su suka san ramukan kifin, su suka kai masu bincike cikin jiragensu. Binciken ya nuna ɗaya daga cikin ukun bai bambanta da ƴan uwansa na babban teku ba, aka cire shi daga jerin a 2017. Hukuma ta gyara maganarta da hujjar da masunta suka taimaka aka samo. Wannan ni kam ya burge ni fiye da dokar kanta.

Ba na cewa kifin ya tsira. Mai irin wannan jinkirin haihuwa, gomman shekaru ake jira.

Mu ma muna da masunta a Madarunfa da Tabalak da bakin kogin Isa, kuma sun san wane kifi ne ya daina shiga taru. Duk ranar da kuka ji ana shirya tsari kan wani tafki, ku je ma'aikatar muhalli ku nemi daftarin, ku tambayi ranar da za a saurari jama'a, ku karanta wa Sarkin Ruwa da mutanensa da Hausa kafin ranar ta zo.