Jawabi a kan tahmisi, wanda aka yi a zauren karatu a Tsaskiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, an tambaye ni, shin ya halatta mutum ya sa bakinsa cikin waƙar magabaci? Na ce ya halatta, amma da sharaɗi.

Ku dubi Ishiriniya da muke karantawa a watan Mauludi. Alfazazi mutumin Andalus, wanda ya rasu a 1230, shi ya tsara ta, kowane harafi baiti 20. Ibnu Mahibu ya yi mata tahmisi, wato ya ɗora ɗango uku bisa kowane baiti, suka zama biyar. Wali Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, har sharhinta ya yi. A Sakkwato kuwa Nana Asma'u ta mai da Tabbat Haƙiƙa ta Shehu daga Fillanci zuwa Hausa, ƙanenta Isa ya yi tahmisinta.

To, sharaɗin ke nan. Ɗangon nan uku su bi ma'aunin mai waƙa, su ɗauki kafiyar ɗangonsa na fari, kuma, wannan shi ne mai wuyar, ma'anarsu ta gangara cikin tasa. Shekaranjiya wani almajiri ya kawo mini nasa. Kafiya ta zauna daram, amma mai waƙa yana tsoratarwa da kabari, shi ko ya cusa zambon abokin gabarsa. Wanda ya ji ba ya rarrabewa, sai ya ce mamacin ne ya faɗi. Na sa shi ya wanke allon.