KATANGAR GIDA: A AUNA KAMIN A GINA

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci maza da mata, na Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai, da duk inda muryata ta kai.

Yau hirarmu bisa katangar gida take. Garuruwanmu suna ta faɗi. Inda bara aka noma hatsi, bana an yanka hilaye an raba. Wanda ya samu hili a bayan gari, abin da ya fara tunani shi ne ya kewaye shi. Daidai ne. Amma a wurin kewayen nan mutane da yawa suke asarar kuɗɗinsu, har da zumunci.

Bari in ba ku labarin wani dattijo da ke karatu a ajina. Ya saida bisashensa ya sai hili. Rairai ya ruhe alamun iyaka, sai ya ce ma magini ya bi sawun darnin maƙwabci. Da ginin ya kai kafaɗa, masu awon hili suka zo suka tarar ya ci hanya da metir guda. Aka ce ya rushe gehen nan duka. Da ya kawo mini takardarsa, muka duba tare. Awon na nan rubuce ɓaro-ɓaro, karantawa ce ba a yi ba.

To, mi ya kamata mutum ya yi?

Na farko, takarda. Hilin da aka yanka yana da takardar mallaka, bisa kanta akwai lambar hilin da girmansa. Ka karanta ta da kanka. In karatunka bai kai ba tukuna, kawo ta aji mu karanta tare. Kuma ka tahi ma'aikatar magajin gari ka tambayi izinin gini kamin ka sa diga a ƙasa.

Na biyu, borni, wato turakun siminti huɗu da aka kafa a kusurwoyin hili. Su ne iyaka, ba iccen da ke tsaye ba, ba kuma darnin wani ba. In sun ɓace, kira masu awo su maida su. Kada ka kafa da hannunka, kada ka gusa da ko ɗaya.

Na uku, igiya da metir. Ku ɗauko allunanku mu yi lissahi. A ce hilinka metir 20 ne kowane gehe. Kewayensa 20 sau 4, ke nan metir 80. Ka ja igiya daga borni zuwa borni. Don ka san kusurwa ta tsaya daidai, auna metir 3 bisa igiya guda, metir 4 bisa ɗayar. Tsakanin alamun biyu tilas a samu metir 5. Daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace kuma, metir 28 da santimetir 28, ta kowane ɓangare.

Yanzu bulo nawa za ka buga? Hidda metir 4 na ƙohohi, saura 76. Tsawon katanga metir 2, ke nan murabba'in metir 152. Bulo mai santimetir 40 bisa 20, guda 25 ke cika murabba'in metir 2. Kun samu nawa? 1900. In buhun siminti mai kilo 50 ya ba da bulo 35, wajen buhu 55 ke nan, ban da na tushe da na ɗaura gini. Wanda ya iya lissahin nan ba a cutarsa. In an ce maka buhu guda zai ba da bulo 50, rairai ne za a jera maka. Kuma a shayar da bulon ruwa sahe da marece har kwana 7 kamin a ɗora shi.

Na huɗu, ruwan sama. A damanar 2024, ruwa ya kada gidaje dubbai a ƙasarmu, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi cikin watan Satumba. Ruwa ba ya karanta takarda, hanyarsa kawai ya sani. Tambayi manoman da suka noma wurin da, su gwada maka inda ruwa ke bi. A gina tushe sai an iske ƙasa mai tauri, kada ya kasa rabin metir. A tsaida ginshiƙi mai ƙarhe kowane metir 3. A bar wuriya ƙasan katanga ta gehen hanya, ba ta gidan maƙwabci ba. In da laka za ka gina, to a ɗaga gindin da dutse ko siminti, a yi yaɓe kowace shekara kamin ruwan fari. Iyaye mata, kada a shimhiɗa ma yara tabarma gindin bangon da ya sha ruwa.

Na biyar, maƙwabci. Ku tsaya tare ranar jan igiya. In bango guda za ku haɗa, ku shirya wanda zai biya mi, ku rubuta da Hausa gaban mai unguwa, kowa ya riƙe tasa takarda. Mu za mu tahi, ɗiyanmu su ne za su gaji bangon nan.

Wanda ba shi da halin siminti bana, babu kumya. Zana ko darnin kara suna suturta gida, in dai bisa iyaka suke. Sai a lura da gara da wuta. Mai son dogon yaro ya dasa shi nesa da gini, don saiwarsa na tsaga bango.

Ga aikin wannan mako: mai hili metir 15 bisa 20, metir nawa ne kewayensa? Ku yi a aji, malaminku ya duba.

Allah ya ba mu zaman lahiya da maƙwabtanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.