ƊAN RUWA: Camfi da Gaskiya Game da Yara Masu Shanyewar Gaɓoɓi



Sunan da al'umma ta raɗa wa wata cuta shi ke nuna yadda ta fahimce ta. Alal misali, Bahaushe ya kira wata cuta shan inna, domin a da ya ɗauka wata aljana ce mai suna Inna take shanye ƙafar yaro. Daga baya aka gane ƙwayar cuta ce, aka yaƙe ta da rigakafi, har a shekarar 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayarta daga Afirka.

To, akwai wani suna da ya fi wannan haɗari, watau ɗan ruwa. Idan jariri ya yi watanni wuyansa bai tsaya ba, bai zauna ba, miyau na zuba, gaɓoɓinsa sun sandare ko sun saki, sai a ce ba mutum ba ne. A ce uwarsa ta je rafi da tsakar rana tana da ciki, aljani ya yi musaya. A wasu wurare har a ba da shawarar a kai shi bakin kogi a ajiye, wai zai rikiɗa ya zama maciji ya shige ruwa. Haƙiƙa yaron da aka bari a bakin kogi ba ya rikiɗa. Yunwa da sanyi ke kashe shi.

Masana sun daɗe da gano asalin wannan lalura. A shekarar 1861 wani likitan Ingila mai suna Wiliyam Litil ya nuna dangantakar doguwar naƙuda da sandarewar gaɓoɓin yara. Abin da ke faruwa shi ne, sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi yana samun rauni, ko a cikin ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa. A ƙasashe da dama ana samun kimanin yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000 da aka haifa, kuma ba ta zaɓen ƙabila ko addini.

A ƙasar Hausa sanadinta sananne ne. Na farko, naƙuda ta yi tsawo a gida, jariri ya fito bai yi kuka ba, ƙwaƙwalwa ta rasa iska. Na biyu, shawarar jarirai, inda ido da fata suke yin rawaya a makon farko, a tsaya ana jiƙe-jiƙe, alhali a asibiti akwai fitila ta musamman da ake sa jariri a ƙarƙashinta. Kafur ɗin da ake sa wa cikin kayan jariri ma yana tsananta shawara ga wasu yara. Na uku, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Haka kuma bakwaini ya fi sauran jarirai shiga wannan haɗari.

Wannan lalura ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa. Gaskiya ne ba a warkar da shi ɗungurungum, amma gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi tun da wuri, da koyar da magana, da maganin farfaɗiya ga mai ita, suna kawo sauƙi ƙwarai. Da yawa daga cikin yaran nan hankalinsu garau yake, jiki ne kawai ba ya bin umurni. Kiristi Burawun, mutumin Ailan da aka haifa a 1932, da yatsun ƙafarsa ta hagu ya koyi rubutu, har ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1954.

Ɓarnar camfi ba a kan yaro kaɗai take tsayawa ba. Uwa ce ake zargi, dangin miji su ƙaurace mata, wani lokaci har a sake ta. Kuɗin da ya kamata a kai asibiti ya ƙare wajen boka, yaro kuwa a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki.

Saboda haka akwai aiki a gaban masu ilmi. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019, ta ba irin waɗannan yara haƙƙin ilmi da kiwon lafiya, amma ma'aikatan gwamnati ne za su fitar da ita daga takarda. Ma'aikacin lafiya ya ƙarfafa zuwa awo da haihuwa a asibiti. Hedimasta ya karɓi yaron a makaranta. Ɗalibin da ya koma ƙauye hutu, in ya ji an kira wani jariri ɗan ruwa, ya tambayi yadda naƙudarsa ta kasance, ya tambaya ko ya yi shawara, sa'an nan ya nuna wa iyayen hanyar asibiti. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Yaron nan ɗan Adam ne, an yanka masa rago, yana da suna, da shi ya kamata a kira shi.