Na'ura Mai Magana da Makomar Mai Jin Hausa



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba wata sabuwar fasaha da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da ke rubutu da fassara da amsa tambaya kamar mutum, da kuma yadda za ta shafi rayuwar wanda Hausa kaɗai yake ji. Kafin a kai ga wannan, ya kyautu a waiwayi baya kaɗan, domin ba yau ne ƙasar Hausa ta fara karɓar baƙon abu ba.

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911. Kafin isowarsa, fatake ne ke ratsa daji da jakuna, madugu na gaba, a shafe watanni kafin a kai Gwanja a ɗauko goro. Da jirgi ya kankama, sai martabar ayari ta fara dusashewa, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka sami 'yan baranda da 'yan dako da akawuna. Haka kuma da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, mai rubuta wa jama'a wasiƙa a bakin gidan waya ya rasa masu zuwa wurinsa, amma aka sami mai sayar da kati da mai gyaran waya da mai cajin batir. Darasin a nan shi ne, fasaha takan kashe wata sana'a ta haifi wata, kuma wanda ya fi cin moriyarta shi ne wanda ya riga ya fahimci yadda take aiki.

To, sai dai baƙuwar yau ta sha bamban da na baya. Jirgi kaya yake ɗauka, waya kuwa muryar mutum take kaiwa yadda ya furta ta. Ita wannan na'ura, maganar ce da kanta take ƙerawa. Kamfanin Google ya sanya Hausa cikin harsunan da manhajarsa ke fassarawa a 2013, sannan a watan Nuwamba na 2022 aka fito da ChatGPT, wanda ke rubuta wasiƙa da rahoto cikin ƙiftawar ido. Wannan aiki kuwa, a da, na tafinta ne da magatakarda da malamin makaranta.

Yaya na'urar ke koyon magana? Ba ta da uwa, ba ta zauna a dandali ta ji tatsuniya ba. Ana ɗura mata rubuce-rubuce ne masu ɗimbin yawa, ta yi ta lura da kalmar da ta saba bin wata, har ta iya harhaɗa jimla. Saboda haka abin da aka ciyar da ita, shi take amayarwa. A nan ne gizo ke saƙa. Mafi yawan abin da ke intanet da Ingilishi da 'yan wasu manyan harsuna aka rubuta shi. Hausa kuwa, duk da miliyoyin masu magana da ita, rabonta kaɗan ne, kuma wani kaso na wannan kaɗan ɗin fassarar labarai ne daga Turanci. Wannan ya sa na'urar kan yi Hausa wadda kalmominta na gida ne, amma ginin jimlar na Bature.

Bugu da ƙari, akwai matsalar ƙa'idar rubutu. Masu rubutu a waya sukan bar baƙaƙe masu lanƙwasa, sai kafa da ƙafa su zama abu guda, haka baki da baƙi. Ko an sa lanƙwasar ma, rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka baƙin da ya zo daga nesa da baƙin launi kamanninsu ɗaya a takarda. Bahaushe yakan gane daga zancen, na'ura kuwa tana iya tuntuɓe. Daɗin daɗawa, ɗimbin waƙoƙi da wasiƙu da aka rubuta da ajami suna nan cikin gafaka da ɗakunan adana kayan tarihi, na'ura ba ta san da su ba, kamar yadda ba ta cika sanin Sakkwatanci ko Damagaranci ba.

Kada a ɗauka wannan damuwar malaman harshe ce kawai. A ƙaddara manomi ya tambayi waya yawan maganin ƙwari da zai zuba a tankin feshi, ko mai jego ta nemi bayanin yadda ake ba jariri magani. Idan fassara ta karkace, gona ce za ta ƙone, ko kuma rai ya salwanta. Idan kuma banki da asibiti da ofis suka mayar da hulɗarsu ga na'urar da Turanci kaɗai ta ƙware a kai, to wanda bai yi boko ba ya zama baƙo a garinsu.

Maganin abin ba gudun na'ura ba ne, domin zamani riga ne. Aikin da ke gaban jami'a a fili yake: a tattara Hausar baka daga kasuwa da gona da maƙera a rubuta ta daidai, a ɗauki hoton rubuce-rubucen ajami a juya su, a tsayar da kalmomin kimiyya, a kuma horar da ɗaliban Hausa su zama masu tace abin da na'ura ta faɗa. Wannan ita ce sabuwar sana'ar da za ta gaji ta tafinta. A 1939 an sami waɗanda suka zauna a Zariya, irin su Abubakar Imam, suka sa injin ɗab'i ya yi Hausa tsantsa a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Irin wannan zama ake bukata yanzu, kuma tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa a dace.