Lasisin Tuƙi: Abin da Doka Ta Ce, da Abin da Muke Yi a Ƙasar Gumel

  

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis ya san irin kayan da ke kan titin nan. Tireloli maƙare da shanu za su yi kudu, ga motocin hatsi, ga babura daga ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, kowanne da goyon mutum biyu ko uku, wani har da akuya a tsakiya. Lokacin da gwamnatin tarayya ta sake buɗe iyakoki a Disamban 2020, Maigatari na cikin guda huɗu na farko, kuma wannan kaɗai ya isa shaida kan nauyin hanyar. Tambayata ita ce: cikin masu riƙe da sitiyarin nan, mutum nawa aka taɓa gwadawa?

A nan yawanci a tasha ake koyon tuƙi. Yaro zai fara da wankin mota, ya zama karen mota, maigidansa ya riƙa ba shi ya gyara fakin, wata rana ya sakar masa hanya. Ba na raina wannan tarbiyya, domin ta fitar da ƙwararrun da suka san inji fiye da masu takarda. Sai dai maigida ba ya gwada idon yaronsa, ba ya zaunar da shi ya karanta masa alamomin hanya, kuma abin da bai sani ba, ba zai koyar ba. Wannan giɓin ne lasisi yake cikewa.

Doka a fili take. Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ake ƙoƙarin mai da lasisi iri ɗaya a duk ƙasa. Dokar hukumar ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012 su ne ake aiki da su. Sai mutum ya cika shekara 18 zai nemi lasisi. Sabon direba zai shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita, ya karɓi takardar ɗan koyo, jami'an duba motoci da muke kira Bi'ayo su gwada shi a kan hanya, a duba idonsa, ya biya kuɗi ta hannun hukumar tara haraji ta jiha, sannan ya je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Za a ba shi na wucin gadi mai kwana 60 kafin na dindindin ya fito, na shekara 3 ko na 5.

Ku riƙe maganar zuwa da ƙafa. Duk dillalin da ya ce ka ba shi kuɗi da fasfo ka zauna a gida ya kawo maka lasisi, jabu zai kawo maka. Ranar da aka duba lambar a kwamfuta ba a gan ta ba, kai za a kama da takardar bogi, shi kuwa ya sha ruwa da kuɗinka.

Lasisi kuma aji-aji ne. Ajin A na babur, B na ƙaramar mota, F na tarakta da injinan noma, G na tirela. Manomin Gagarawa da zai hau titi da tarakta, da matashin da ya saba da ƙaramar mota aka miƙa masa tirelar shanu, kowannensu doka na neman ajinsa. Maganar babur ce ta fi damuna. Mun ɗauke shi kamar keke, har uba ya aiki ɗan shekara 13 kasuwa a kai yana alfahari wai yaron ya iya. Yaron bai san nisan da birki ke buƙata a kan yashi ba, kuma in tsautsayi ya faɗa, alhakin na wanda ya miƙa makulli ne.

A jadawalin tara da hukumar ta daɗe tana amfani da shi, tuƙi ba lasisi naira 10,000 ne, lodi fiye da kima 10,000, amsa waya ana tuƙi 4,000, tuƙin ganganci 50,000. Kowane laifi yana da maki da ake rubuta wa direba, in sun taru a dakatar da lasisin ko a ƙwace shi, wanda ya ƙi biya kuma a kai shi kotu. To amma tun Yunin 2025 kuɗin lasisin mota na shekara 3 ya koma naira 15,000. Na san lissafin da ake yi a tasha: tarar ba ta kai kuɗin lasisin ba, kuma ba kullum ake kamu ba. Lissafin ya manta da ranar haɗari. Kamfanin inshora yana iya ƙin biyan ko sisi in direba ba shi da lasisi, sai asarar ta dawo kan mai mota, ga shari'a, ga iyalan mamaci suna jiran haƙƙinsu.

Gwamnati ma da nata laifin. Mutumin ƙauye da zai bar gonarsa ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofis uku, dole dillali ya yi masa sauƙi. Jami'in da ya karɓi na goro ya saki mota kuwa, ya koya wa direba cewa lasisi ba shi da amfani. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa, su nemi a riƙa kawo gwajin ido da ɗaukar hoto kusa da jama'a, a ranakun da aka sanar tun da wuri. Ku kuma shugabannin tasha, kundin lodi yana hannunku: kada ku rubuta sunan direba a layi sai kun ga lasisinsa, kun ga ajinsa ya dace da motar da zai ja.